Wa Zai Faɗa wa Kaka?

Rifkatu,

Kada ki karanta wannan wasiƙa a tsaye, kuma kada ki karanta ta a ofis ana yi miki hira ta gefe. Nemi wuri ki zauna. In kin kai tsakiya ranki ya ɓaci, kada ki ɗauki waya ki kira ni, don ba zan amsa ba sai na tabbata kin kai ƙarshe. Na san halinki. Tun kina firamare kike ba da amsa kafin a gama tambaya.

Bayan haka, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, aiki ma lafiya. Allah ya tsare ki a hanyar Abuja da kike bi safe da yamma, ya raba ki da mugun direba da mugun abokin shawara. Mu nan Angwan Iya jikinmu lafiya. Ban ce hankalinmu ba.

Ba zan ba ki labarin gari ba, don ke ce labarin gari.

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, sai na ji sallama. Maman Ladi ce, shugabar zumuntar matan cocinmu, da waɗansu mata a bayanta, dukansu sun ɗaura zanen zumunta. Ba ranar taro ba ce. Kin san abin da ke sa mata su ɗaura zane iri ɗaya su shigo gidan mutum ba ranar taro ba. Na miƙe tsaye, tiren gyaɗa ya kife. Yayanki Dauda ne ya faɗo mini a rai, shi da babur ɗinsa a hanyar makarantar da yake koyarwa a Gitata.

Na ce, "Dauda ne?"

Maman Ladi ta ce, "Ba Dauda ba ne. Zauna, Saratu."

"To wane ne?"

Suka dubi juna. Ɗaya ta rage murya ta ce, "Sannu da haƙuri. Rifkatu ce." Ta kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce, "Ke, ba haƙuri ake cewa ba, barka ake cewa." Ta farkon ta ce, "Barka da me? An ce tafiyar ba dawowa." Sai Maman Ladi ta tsawata musu, ta ce mini, "Tun a ƙofar gida muke gardamar gaisuwar da za mu yi miki, mun kasa. Ga waya, ki gani da idonki, sai ki faɗa mana wadda ta dace."

Na karɓa na duba. Sai ga ki, da ranki, da sabon kitso, sanye da rigar atamfar da na ɗinka miki bara, kina murmushi kina Turanci. Turancina na sakandare bai mutu ba, na ji komai. Kin faɗi sunanki. Kin ce ke 'yar Keffi ce, kin karanta ilimin halittu a jami'a. Kin ce wani kamfani a ƙasar waje yana neman mutanen da za su shiga kumbo su tafi can cikin sararin samaniya, inda ake zaton akwai waɗansu halittu masu rai, kuma kumbon na zuwa ne kawai, ba a tanadi hanyar dawowa ba. Kin ce ba wanda ya tilasta miki, ke kika miƙa kanki, har an tantance kin tsallake. Kin ce burinki ki zama ta farko da za ta koyi harshen waɗannan halittu, ki ce musu sannu. Da mai tambayar ya ce ina batun iyalinki, sai kika yi dariya kika ce, "Mahaifiyata ta rene ni ne don in yi nisa."

Ban yi kuka ba. Na zauna a ƙasa cikin ɓawon gyaɗa, mata suna kallona suna jiran in zaɓa musu gaisuwa. Har suka tafi ban zaɓa ba.

Da na kira ki, kin tuna abin da kika ce? "Mama, ai ina shirin faɗa miki." Sa'an nan kika ɗora da cewa kamfanin yana so wani babba a gida ya yi magana a bidiyo ya ce iyali sun amince. "Magana ce 'yar gajeruwa, Mama. Ki ce kin sallame ni kawai." Kamar mai neman izinin zuwa bikin ƙawa.

Dauda ya zo da yamma yana ƙoƙarin kwantar mini da hankali. Ya ce, "Mama, irin waɗannan kamfanonin surutu ne. Kumbon ma ba a ƙera ba. Ƙila Rifkatu ta yi furfura ba ta wuce Mararraba ba." Na ce masa ya rufe mini baki. Ko kumbon ya tashi ko bai tashi ba, wannan ruwan masu ƙarfe ne. Abin da ya girgiza ni shi ne an tambayi wa zai tafi ba dawowa, 'yata ta ɗaga hannu. Wannan ya riga ya faru. Ba a jiran kumbo.

Kin ambace ni a gaban duniya, to bari in amsa. Akwai wuraren da na yi kuskure, kuma ba ɓoyayyu ba ne, kowa a gidan nan ya san su. Zan faɗe su ne don ki san abin da za ki ɗauka daga wurina da abin da za ki ajiye.

Gaskiya kika faɗa, ni na yi ta roƙa miki nisa. Duk lokacin da kika kawo sakamakon jarrabawa, nakan tashi a coci in ba da shaida, in ce, "Wannan yarinya ba ta Keffi ba ce, wucewa take yi." Nakan ɗora hannu a kanki in ce, "Ya Ubangiji, ka kai ta inda ƙafata ba ta taka ba." Shekara da shekaru ina wannan addu'a, ban taɓa ƙara "ka dawo mini da ita" ba. In kin zo hutu kika zauna kusa da ni a rumfa za ki taya ni auna wake, sai in kore ki in ce hannunki ba na mudu ba ne, koma kan littafi. Ina tsammanin ƙauna ce. Rabinta ƙauna ce. Sauran rabin ina so matan da suka raina ni don na tsaya a sakandare su ji haushi. To ki sani, uwa ma takan yi addu'a da girman kai. Kada ki ɗauki fariyar da na yi ina matashiya ki mai da ita umarni. Nisa ba ɗaukaka ba ne. Akwai wanda ya je ƙarshen duniya bai zama komai ba, akwai wanda bai wuce kasuwar garinsu ba, da ya mutu aka rasa wurin zama a gidan makoki.

Na biyu, ni ma na taɓa ɗaga hannu. Kin sha jin labarin ana dariya, yau ki ji shi ba dariya. Lokacin ba a haife ki ba, Dauda bai daɗe da yaye ba. Fasto ya nemi matan da za su kai tufafi da magani wani ƙauye can bayan Gitata, tsakiyar damina. Coci ya yi tsit. Dangin marigayi babanki suna zaune a bayana, sai na ji hannuna a sama. Aka tafa mini. Ban tambayi yadda hanyar take ba, ban tambayi yaushe za a dawo ba. Daɗin tafin ya toshe mini kunne.

Da muka isa bakin wani rafi, ruwan iya gwiwa, Maman Ladi ta ɗaga kai ta dubi hadari ta ce, "Ni dai na fasa. Wannan rafin ban yarda da shi ba." Muka yi mata ature, muka ce matsoraciya, bangaskiyarta ta kaza ce. Ta ce, "Na ji. Ku gai da su." Ta juya. Mu muka ƙetare. Kafin mu gama rabon kaya sama ta buɗe, rafi ya cika ya tumbatsa, ya raba mu da gida. Dauda yana hannun maƙwabciya yana kuka har muryarsa ta dishe. Maman Ladi kuwa a gadonta ta kwana, kuma yau ita ce shugabarmu. Ba wanda yake tuna cewa ta fasa, sai mu da muka yi mata dariya. Saboda haka ki ji: hannun da aka ɗaga a gaban jama'a yana da nauyin saukewa, amma yana sauka. Kunyar ba ta daɗewa. Kada ki tafi inda ba dawowa don kawai an riga an tafa miki.

Akwai sauran darasi a wannan tafiyar. Wata rugar Fulani ce ta karɓe mu. Tsohuwar gidan Hausarta kaɗan ce, ni kuma Fulatanci babu ko ɗaya. Ta ba mu bukkarta, ta dama mana fura da nono, jikokinta suka takure kusa da 'yan maruƙa don mu miƙe ƙafa. Ba ta ɓata fuska ba ko sau ɗaya. Amma kowace safiya sai ta tafi ta dubo rafi, ta dawo ta nuna mana da hannu a jikinta inda ruwan ya kai. Yau wuya. Gobe ƙirji. Ranar da ta dafa gwiwa, dariya ta yi har da tafi, ta raka mu bakin ruwa da kanta. Matar kirki ce, ta yi mana karamci iya ƙarfinta, amma rafi take dubawa. Mai gida yana jure baƙo ne don ya san akwai ranar rakiya. Ke za ki sauka a gidan waɗansu da ba su gayyace ki ba, ba ki san abin da suke ci ba, ba ki san abin da ke ɓata musu rai ba, kuma ki ce musu kin zo ke nan. Wa ya tambaye su? Ban koya miki haka ba. Ko gidan ƙanwar babanki ban taɓa barinki ki je ba tare da kin faɗi ranar komawa ba.

Kuskure na uku shi ne babba, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Da na baro Panda na yi aure a Keffi, na yanke shawara 'ya'yana ba za su yi yarenmu na Mada ba. A makaranta an sha yi mini dariya saboda yadda Hausa take fita daga bakina, na rantse ba za a yi wa nawa ba. Hausa a gida, Turanci a makaranta. In Kakarki, wato mahaifiyata, ta zo ta yi muku magana da yare, sai in yi maza in fassara. In kun amsa, in mayar mata. Wata rana ta ce mini, "Saratu, kin tsaya tsakanina da jikokina kamar katanga mai taga." Na ce mata zamani ne. Haka kuka girma. Abin da kika sani na yarenmu bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Duk wata magana mai nauyi da ta taɓa shiga tsakaninki da Kaka, ta bakina ta bi. Kuma ba duk abin da kuka faɗa nake kaiwa ba. In kin yi rashin kunya, nakan gyara kafin ya isa. In ta yi faɗa, nakan rage.

Yanzu kin san yadda take. Tun da na ɗauko ta daga Panda idonta ya tafi, 'yar Hausar da ta tsinta a kasuwa ma tsufa ya zubar. Ta koma harshen da ta fara ji a bayan uwarta. Amma akwai kalmomin da ba su zube ba. Ranar da matan zumunta suka zo tana kwance a ɗakinta, ƙofa a buɗe. Ta ji takun mata da yawa. Ta ji muryoyi ƙasa-ƙasa. Ta ji "haƙuri", ta ji "Rifkatu".

Da na kai mata tuwo ba ta miƙo hannu ba. Ta ce mini da yare, "Zauna ki faɗa mini."

Rifkatu, na yi shekaru ina tafinta a gidan nan, ban taɓa rasa kalma ba sai ranar. Na ce mata, "Iya, Rifkatu za ta tafi sama." Ta gyaɗa kai. Na ce, "Ba za ta dawo ba." Ta sake gyaɗa kai. Na ce, "Za ta je ta gamu da waɗansu ne da ba mutane ba." Sai ta ce, "Na sani. Babanki ma wurinsu ya tafi. Yaushe aka binne ta kuka ɓoye mini?"

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. A yarenmu, waɗannan maganganun ba a yin su sai a kan mamaci. Na juya su ta kowace fuska, duk inda na bi kabari nake fitowa.

Na ce, "Iya, ba ta mutu ba. Da ƙafarta za ta tafi. Ita ta nema."

 Sai ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, "Wa ya ɓata wa yarinyar nan rai har haka?"

Shi ya sa na sake kiranki washegari na kara mata wayar a kunne. Kin tuna abin da kika iya ce mata? "Kaka, ina kwana. Lafiya? Lafiya lau." Da 'yar gaisuwar yaren ta ƙare miki, kika ce, "Mama, ki gaya mata ina nan ƙalau." Na gaya mata. Ta ture wayar ta ce, "Wannan akwatin ai har matattu suna magana a ciki. Na ji wa'azin faston da muka binne a cikinsa. In tana nan, ta zo in taɓa kunnenta." Kin san da kunne take gane ku, tun kuna yara take cewa naki ya fi na Dauda laushi.

Tun ranar ba ta ci tuwo ba. Kunu kaɗan take kurɓa, shi ma sai na yi da gaske. Ta cire 'yan kunnenta ta ba ni in ajiye. Ta daina tambayar ko an yi ruwa a Panda. Tana makokinki, ke kuwa kina Abuja kina shirin koyon harshen halittun da ba wanda ya taɓa gani.

Laifin rashin yaren nawa ne, na ɗauka. Amma shawarar ita ce wannan: kafin mutum ya ce zai iya fahimtar baƙon da ba shi da baki irin namu, ya fara gwada ƙarfinsa a kan tsohuwar da ta goya shi. Ga ta nan a ɗakin da ke kallon gabas. Tana da harshen da ba ki sani ba, tana da duniyar da ba ki taɓa shiga ba, kuma ita ma tana gab da tafiyar da ba dawowa, ba tare da ta ɗaga hannu ba. In ta tafi, akwai waƙoƙin niƙa da sunayen ganyaye da labarin yadda gidanmu ya zauna a Panda waɗanda za su bi ta, don ni ma rabi na riƙe. Motar haya kawai za ki shiga ki iso wurinta.

Ban ce ke muguwa ba ce. Na san tun kina yarinya kike tsugunawa a bakin kwata kina kallon abin da ke motsi a ruwa har in zo in ja kunnenki. Son sani ne, kuma Allah ne ya sa miki. Ban kuma san ko akwai halittu a can ko babu ba. Wanda ya yi sama da ƙasa bai ba ni lissafin abin da ya yi ba. Amma na san abin da ya ba ni a hannu, kuma na san za a tambaye ni a kansa.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga tafin mutane, ya ba ki ƙarfin zuciyar da ake fasawa da shi. Ya kawo ki Keffi lafiya a ƙarshen makon nan, ba da kyamara ba, ba da baƙi ba. In kuwa bayan komai nufinsa ne ƙafarki ta taka inda ba ƙasa, to ya riga ki isa can, don babu inda hannunsa bai kai ba. Dauda da matarsa suna gaishe ki. Maman Ladi ta ce in gaya miki har yanzu tana jiran a faɗa mata gaisuwar da za ta yi.

Yanzu ga abin da na yanke, ni uwarki Saratu, kuma na riga na tara Dauda da iyalinsa na faɗa musu. Muddin Kaka tana numfashi, ba ni ce babba a gidan nan ba, saboda haka sallamar doguwar tafiya ba a bakina take ba, a bakinta take. Kuma daga yau babu tafinta a gidan nan. Duk mai magana da Kaka, babba ko yaro, zai durƙusa a gabanta ya faɗa da yarenmu, da bakinsa. In kin tambaye ni kalma zan koya miki, ko sau nawa ne, amma ba zan ƙara ɗaukar maganar kowa in kai mata ba, ba zan gyara ba, ba zan rage ba. Ki zo ta taɓa kunnenki ta ci abinci. Sa'an nan ki nemo kalmomin da za ki gaya mata inda za ki da dalilin da ba za ki dawo ba. Ranar da ta gane, ta ce ta sallame ki, ni kuma zan ɗaura zanena in tsaya a gaban bidiyonku. Kafin wannan ranar, ba mai fita daga gidan nan ya wuce inda mota take kaiwa.